Birki Kafin Totur

Shekara goma sha ɗaya tana kwance
ƙarƙashin mangwaro a Samaru.
Ja ce da can, rana ta mai da ita kalar tukunya,
kaji na saka ƙwai a kujerar direba.
Ƙofa biyu, dogon hanci,
ta girme ni da wata bakwai.
Matar marigayin ta ce, "Ɗauke ta, Garzali,
in dai ba 'yan gwangwan za ka kai wa ba."

Da igiya muka ja ta zuwa Sabon Gari.
Sallau ya zagaya ta sau biyu bai ce uffan ba,
ya tsoma yatsa a baƙin manta, ya shinshina
kamar mai sayen daddawa.

Na ce so nake ta yi gudu.
Ya ce, "Ko tulu ya iya gangara.
Tsayawa ce ilimi.
Birki tukuna, totur daga baya."

Albashin wata uku ya shige ƙafafunta.
Sabbin bututun birki, sabon mai,
ni ina taka, shi yana kwance a ƙasa yana ihu,
"Taka! Riƙe! Saki!"
har aka kira magariba, har iskar ta fita.
Shokozoba muka sa masu tauri,
muka sauke ta ƙasa da yatsa uku.
Yanzu kowane rami na Kwangila
sai ya gaisa da ƙashin bayana.

Sai rage mata kaya.
Kujerar gefe, rediyo, darduma, tayar ajiya,
duk abin da ba ya turawa, ba ya tsayarwa.
A ƙarƙashin darduma na tsinci
takalmin yaro, ƙafar hagu,
da rasit ɗin fetur na naira huɗu.
Rasit ɗin na jefar.
Takalmin na mayar inda yake,
nauyinsa bai kai na gardama ba.

Lagireto ya yi mana taurin kai.
Sau uku tana tafasa kafin Ɗanmagaji,
ina tsaye a bakin titi da jarka
masu acaba na yi mini jaje da hon.
Kafireta kuwa, Sallau ba ya kallon ta in yana gyara,
ido rufe yake juya sukudireba,
kunne a kan injin,
har tarin ya koma numfashi.

Asabar, bayan Basawa,
a filin da muka yi karo-karo muka daddaɓe,
tsofaffin tayoyi ne alamar kwana.
Samari sun zo da motocin jiya-jiya,
masu kwamfuta a ciki, masu hasken shuɗi.
Ɗaya ya ce, "Baba, a gidan tarihi ka aro ta?"
Na ɗaure hular kwano, na ja bel ya matse.

'Yata Rumasa'u ce mai agogo,
tana tsaye kan durom da wayar uwarta.

Miƙaƙƙiyar hanya, sun wuce ni kamar ina fakin.
Amma a kwana ta huɗu, mai kama da lauje,
inda kowa ke taka birki tun daga nesa,
na jira.
Na ƙara jira.
Na taka, ta zauna a kan ƙafafunta,
ta juya hanci kamar ta san gidan.

Na biyar na zo, cikin bakwai.
Rumasa'u ta sauko tana tsalle:
daƙiƙa biyu na rage a kan na makon jiya.
Sallau bai tafa ba.
Ya ɗora bayan hannu kusa da taya,
ya ce ta hagu ta fi zafi, a kawo ta Litinin.

Da dare na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta.
Da asuba na duba:
ɗigo ɗaya, girman kwabo.
Jiya uku ne.